Tandu, Batta da Robar Matsawa

Daga cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda Bahaushe ya ɗora wa nauyin magana kamar ido. Da ido ake kunya, da shi ake raini, da shi ake auna kimar abu ko da babu mudu a hannu. Wanda ya waye an ce idonsa ya buɗe, wanda ya rasa kunya an ce idonsa ya bushe, wanda kuwa ya shiga tsaka mai wuya an ce idonsa ya raina fata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka tarar cewa, a cikin kayan adon mace, na ido an daɗe ana tattalinsa, har aka yi masa mazubi na musamman. Wannan mazubi shi ne abin da nake son mu duba tare da mai karatu, domin na lura cewa sau da yawa mukan tsaya kan abin da aka zuba, mu manta da abin da aka zuba shi a ciki, alhali kuwa shi ne ke yanke hukuncin hannu nawa za su taɓa shi, da kwana nawa zai yi kafin ya lalace.

Ƙasar da na tashi a cikinta, wato Kafanchan da kewayenta, ta daɗe da sanin darajar ido. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba. A 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, a Jos, wani kan mutum na yumɓu da aka samu a yankin Jama'a, wanda har an yi amfani da shi a matsayin mutum-mutumi a gonar doya. Duk wanda ya kalli waɗannan gumaka, waɗanda suka haura shekara 2,000, abin da zai fara kama hankalinsa shi ne idanu: manya ne, masu kusurwa uku, an huda ƙwayar, an fito da fatar ido da gira a fili kamar an ja musu layi. Maginin Nok ya gane abin da kowace mai kwalliya ta gane a yau, cewa fuska daga ido take fara magana.

A gidanmu, cikin shekarun 1980, tandu ɗaya ne ke hidimar kowa. Na mahaifiyarmu ne, ita ma a kayan aurenta ya zo. Da ɗanyar fata ake yin tandu: a gina siffarsa da yumɓu, a lulluɓe da fatar da aka kankare, idan ta bushe ta sandare sai a farfasa yumɓun a zazzage, a bar fatar da siffar ɗan tulu mai dogon wuya da ƙaramin baki. A cikinsa ake zuba kwalli bayan an niƙa dutsensa ya yi laushi. Ranar Juma'a da ranar salla mukan jeru, Inna ta tsoma tsinke ta zizara wa babba, ta mayar, ta zizara wa mai bi masa, har a kai kan jaririn da ke goye. Maƙwabtanmu Bajju da Kagoro da Kaninkon, da matan ma'aikatan reluwe Yarbawa masu kiran sa tiro, duk sukan aiko a sam musu. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso garin a 1927, Kafanchan ta zama mahaɗar jirage da mahaɗar mutane, kuma kayan kwalliya na cikin abubuwan da suka fi saurin tsallaka katanga. Tandun nan ya shiga ɗakunan da mai shi ba ta taɓa shiga ba.

Abin da ya sa na sake tunanin tandu shi ne tambayar da 'yar ƙanwata ta yi mini. Ta gama karatu, aiki bai samu ba, sai ta koyi sana'ar yi wa amare kwalliya, ta buɗe ɗan shago. Ranar Juma'a tana gidan da aka ɗaura aure, ranar Asabar tana shirya amaryar da za a kai coci. Wata rana ta ajiye abu biyu a gabana, ta ce, "Kawu, ku da kuka yi karatu mai zurfi, wanne ya kamata in riƙa saye? Jarina bai kai in sayi duka biyun ba." Na ce, "'Yata, ni adabi na karanta, amma ki bar mini su in duba." Ɗaya ƙaramar batta ce ta gilashi mai faɗin baki da murfin murɗawa, ɗayar kuma robar matsawa ce irin ta man goge baki, sai dai ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Abin da ke cikinsu aikinsa ɗaya: wani kirim ne da ake shafawa a fatar ido a matsayin shimfiɗa, kafin a ɗora hoda mai launi.

Dalilin wannan shimfiɗa a bayyane yake. Fatar ido na cikin fatun da suka fi siranta a jiki, tana fitar da maiƙo da gumi, kuma tana naɗewa tana warwarewa sau dubbai a yini saboda ƙiftawa. Idan aka ɗora launi kai tsaye, kafin azahar ya tattaru a cikin lanƙwasar fatar ya zama zare ɗaya. Shimfiɗar ita ke raba launi da maiƙo, ta ba shi abin kamawa. Bugu da ƙari, a kan baƙar fata irin tamu, shimfiɗa mai haske ita ke sa shuɗi ya fito shuɗi, ruwan gwal ya fito ruwan gwal. Amaryar da za ta wuni cikin taro, ga kuka, ga zafi, ga masu ɗaukar hoto, ba ta da abin da ya fi wannan amfani.

To, batta tana da nata alheri. Abin da ake zubawa a cikinta yakan fi kauri, domin akwai kaki a haɗinsa, don haka yana rufe fata sosai, kuma kaɗan ake ɗiba ya wadatar. Mai ita tana ganin abin da ya rage, tana iya kwashe shi har gindi, ba a asarar ko ɗigo. Amma faɗin bakin nan da ya sauƙaƙa ɗiba, shi ne kuma ƙofar matsala. Duk buɗewa ɗaya, iska na shafar fuskar kirim ɗin gaba ɗaya, sinadarin da ke riƙe masa laushi yana tashi. Wanda ya san hunturun Kafanchan, lokacin da iska ke gangarowa daga tsaunukan Kagoro leɓe na tsagewa, ya san abin da zai sami battar da aka bari a buɗe ana hira: za ta ja baya daga gefe, ta tsattsage kamar bakin fadama a watan Maris. Da damina kuma, a ƙasar da ruwanta ya fi na Kano yawa nesa ba kusa ba, laima ce ke shiga. Sannan ga ƙura, ga yatsa.

Robar matsawa kuwa ba a kan kwalliya aka fara ƙirƙiro ta ba. Wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, shi ya ƙago mazubin matsawa na ƙarfe a 1841, don fentinsa ya daina bushewa, daga baya masu man goge baki suka ara. Hikimarta ita ce abin da ya fita ba ya komawa, kuma iska ba ta samun sai ɗan ƙaramin baki. Kirim ɗinta yakan fi ruwa-ruwa domin ya iya fitowa, saboda haka bai cika rufe fata kamar na batta ba, wani lokaci sai an maimaita. Idan ta sha rana a cikin jaka, mai yakan rabu da sauran haɗin, a matsa a ga ruwa ya riga fitowa. Takan kuma fitar da fiye da buƙata, kuma idan ta zo ƙarewa takan ɓoye saura a jikinta, sai an yanka ta da reza. Ga mai lissafin kwabo, wannan asara ce ta gaske.

Da a ce a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kunnen doki ne. Amma akwai tambayar da ta fi farashi nauyi, wato ido nawa ne za su ci daga mazubi ɗaya. Matar da ta sayi batta don fuskarta ita kaɗai, ta wanke hannu, ta rufe da wuri, ba ta da abin tsoro sosai. 'Yar ƙanwata kuwa takan yi wa amarya da ƙawayenta shida ko bakwai a safiya ɗaya. Idan burushi ya taɓa idon wannan ya koma batta, ya fito ya taɓa idon waccan, to duk abin da ke idon ta farko ya sami masauki. Mu da muka yi ƙuruciya a wancan zamani mun san ciwon idon da ake kira afolo, wanda ya samo sunansa daga kumbon Apollo 11, domin ya ɓarke a Afirka ta Yamma a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata. Yakan shiga gida ya bi kowa, kuma hannu da tawul da duk abin da ido biyu suka yi tarayya a kai su ne hanyarsa. Amaryar da ta tashi washegarin biki da jajayen idanu masu ruwa, kwalliyarta ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma sunan mai kwalliyar ne zai zaga gari.

A nan ne na ga wani abu game da tandu. Ta fuskar siffa, ya fi kusa da robar matsawa a kan batta: wuyansa dogo, bakinsa ƙarami, iska da ƙura da yatsa ba su da hanya. Kakanninmu sun zaɓi ƙaramin baki da gangan. Ta fuskar amfani kuwa ɗan'uwan batta ne, domin tsinken da ya fita yana komawa. Abin da ya sa tandu ya zama alamar zumunci a unguwarmu, shi ne dai abin da likitan ido zai yi wa faɗa.

Akwai kuma magana mai ɗaci game da abin da ke cikinsa. Ismid ɗin da ya zo a hadisai, wanda ya sa sanya kwalli ya zama abin so a wurin Musulmi, malamai da masana sun fassara shi da dutsen antimoni. Amma dutse mai ƙyalli da aka fi sayarwa a kasuwanninmu da sunan kwalli ko tozali, sau da yawa galena ne, wato dalma da farar wuta a haɗe, irin wanda ake haƙowa a Zurak ta ƙasar Wase da kuma Abakaliki. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma fiye da kima a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu, sai aka tarar tiro ake sa masa, kuma da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta buga rahoton a 2012. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta nan gubar ke shiga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ɓarnarta a ƙwaƙwalwar yaro take, a hankali, ba tare da zazzaɓi ko kuka ba. Mu a Arewa mun ga fuskarta mafi muni a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Kwalli bai kai wannan ba, amma dalmar ita ce dai. Masu iya magana sun daɗe da gargaɗi a kan wanda ya tafi neman gira ya rasa ido.

Wannan ya nuna cewa kyan mazubi ba ya wanke abin da ke ciki, kuma haka abin yake ga batta da roba. Kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Don haka ne aka kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma kayan kwalliya na cikin abin da take sa wa ido. Lambarta a jikin kaya ita ce abu na farko da ya kamata a nema. Na biyu, a jikin yawancin kayan da suka zo daga Turai akwai zanen 'yar batta a buɗe, da rubutu kamar 6M ko 12M, ma'ana watannin da kayan zai yi bayan an fara buɗe shi. Kwanan kirim daga ranar buɗewa ake ƙirga shi.

Amsar da na ba 'yar ƙanwata ita ce: ga mai yi wa jama'a aiki, robar matsawa ta fi, ko da za ta yi asarar ɗan abin da ya maƙale a gindi, domin asarar kirim ana mayar da ita. Idan kuwa amarya ta nace sai mai kaurin batta, to a ɗebo da ɗan tsaftataccen cokali a sa a kan faranti, a rufe battar nan take, kuma abin da ya fito kada ya koma. Ga matar da ke ado don kanta, batta ta wadatar, muddin ta kiyaye murfi da hannu. Ga uwa mai jego kuwa, roƙona shi ne a bar idon jariri yadda Allah ya yi shi, sai an tabbatar da abin da ke cikin tandun.

Mu malaman adabi mun saba gaya wa ɗalibai cewa jigo da zubi ba sa rabuwa, cewa tsarin da aka zuba magana a ciki yana sauya maganar. Haka nan faɗin bakin batta, da tsukakken bakin roba, da dogon wuyan tandu, kowanne yana koya wa mai shi wata ɗabi'a ta ɗiba da rabawa. Abin da ya rage gare mu shi ne mu riƙe zumuncin da ya sa ake aiko yaro daga maƙwabta a sam masa kwalli, mu kuma ba kowane ido nasa tsinken.