Yawunde: kafin ka kama ɗaki, tambayi hanyar ruwa

Shekara 20 ke nan ina kwana a Briqueterie, ina wuni a kasuwar Elig-Edzoa. Yawunde garin tuddai ne. Duk ruwan da ya sauka kwari yake nema, ya gangara kogin Mfoundi. Mu baƙi kuwa, haya mai sauƙi a kwari take.

Daren Lahadi 8 ga Oktoba 2023, ana tafka ruwa, labari ya fara yawo a WhatsApp: wani ya ce unguwar Mbankolo ta shafe, wani ya ce ƙarya ne. Ƙanena ya bugo daga Duwala, su da suka saba da ambaliyar bakin teku: "Yaya, lafiya kuke?" Na rasa amsa, domin yaron shagona can yake haya, wayarsa a kashe.

Da safe gaskiya ta fito: bangon wani tafki ya fashe, laka ta binne gidaje, sama da mutum 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yaron ya iso da hantsi, ba ko takalmi.

Tun ranar, duk ɗan'uwan da ya zo neman ɗaki, kafin kuɗin haya sai na ce masa: "Malam, fara tambayar maƙwabta inda ruwan bara ya tsaya."