Kwana Shida a Birnin Jeniba

Duk ɗan makarantar da ya yi nisa a ilmin labarin ƙasa ya san wata 'yar ƙasa a tsakiyar Turai, maƙale tsakanin Faransa da Jamus da Ostiriya da Italiya, wadda ba ta da gaɓar teku ko taki ɗaya. Ita ce Suwizalan. A kusurwarta ta kudu maso yamma akwai wani tafki mai siffar jinjirin wata, a bakin wutsiyarsa kuwa birnin Jeniba ya ke. Na yi shekaru ina nuna wa yara wurin nan da tsinin sanda a jikin taswira, sai a hutun da ya wuce Allah ya nufa na taka shi da ƙafata, na kwana shida. To, tun da ya ke na zaune bai ga gari ba, ga abin da na gano muku.

Daga Faris na shiga jirgin ƙasa, sa'a uku da 'yan mintoci muka iso. Mutanen garin Faransanci su ke ji, ko da ya ke ƙasar tasu harshe huɗu gare ta. Yawansu wajen 200,000 ne, watau garin da duniya duk ta san sunansa bai kai Zariya yawan jama'a ba, kusan rabinsu kuwa baƙi ne. A masauki aka ba ni izinin shiga motocin haya da taragun lantarki na cikin gari kyauta muddin ina nan, haka su ke yi wa kowane baƙo. Na yi murna da wannan, gama in ban da shi ban ga wani abu mai araha a Jeniba ba. Kuɗin shayi ƙoƙo guda ya isa mutum ya ci tuwo ya ƙoshi a gida har ya yi sadaka.

Tafkin shi ne ran garin. Su suna kiransa Leman. Tsawonsa mil 45, ya kusa nisan Zariya zuwa Kaduna ke nan, zurfinsa kuwa a tsakiya ya ɗara ƙafa 1,000. Tafkin Chadi ya fi shi faɗi, amma wajen zurfi ko kusa. Kogin Ron ne ke cika shi. Kogin nan daga ƙanƙarar duwatsu ya ke narkowa, ya shigo ta gabas da laka jage-jage, sa'an nan lakar ta kwanta a ƙasan tafkin, ruwan ya fito ta Jeniba garau, har mutum ya tsaya bisa gada ya ƙidaya duwatsun da ke ƙasa. Kaɗan daga nan ya ke gamuwa da wani kogi, Arba, mai ruwan toka-toka, su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraya.

Kada ku zaci tsabtar nan haka Allah ya bar musu ita ba wahala. Tsakanin 1960 da 1980 tafkin ya ɓaci ƙwarai da ruwan kwatami da kumfar wanki, gansakuka ta yi yawa. Sai suka gina wuraren tace ƙazanta, a 1986 kuma hukuma ta hana sa wani sinadari a garin sabulun wanki, wanda shi ke ciyar da gansakukar. Yau mafi yawan ruwan da su ke sha daga tafkin a ke ɗebo shi, yara kuma suna iyo a tsakiyar gari. Na sha a famfon bakin titi, ban ji kome ba sai sanyi.

Abin da baƙo ya kan fara hangowa shi ne wani ruwa da ke tsiri sama daga cikin tafkin, fari fat, tsawon ƙafa 460. A kowace daƙiƙa injin na watsa kamar cikin garwar kananzir 27, da gudun mil 125 a sa'a. Asalinsa kuwa ba don ado ba ne. A 1886 akwai wani gidan inji da ke tura ruwa da ƙarfi zuwa ga masu sana'a, don ya juya musu na'urorinsu. In yamma ta yi suka tashi daga aiki, sai ƙarfin ruwan ya taru yana neman fasa bututu, don haka aka yi masa wata kafa da zai riƙa fita. Mutane suka ga abin ya yi kyau, a 1891 aka mai da shi bakin tafki don kallo. Akwai wata siririyar hanya ta dutse da ke kai mutum kusa da gindinsa, in iska ta juya kuwa duk wanda ke wurin sai ya koma gida sharkaf. Akwai kuma 'yan jiragen ruwa masu ruwan ɗorawa da ke ƙetarar da mutane, daga cikinsu ne ran da gari ya washe na hangi dutsen Mon Bulan, wanda ya ɗara ƙafa 15,000, da ƙanƙara a kansa a tsakiyar watan Yuli.

Tsohon garin bisa tudu ya ke, da lunguna ƙunci kamar na cikin birnin Kano, sai dai an shimfiɗe su da duwatsu. A ƙololuwarsa akwai majami'ar San Piyar, na hau hasumiyarta, matakala 157. A nan ne wani malamin addinin Kirista, Jan Kalbin, wanda ya zo garin a 1536, ya yi ta wa'azi har ya rasu a 1564. Mutum ne mai tsanani. Ya kafa makaranta a 1559 wadda ita ce ta zama jami'ar garin, ya sa aka hana caca da rawa da yawan ado. Da aka hana maƙeran farfaru ƙera kayan ƙawa, sai suka juya ga agogo, gama agogo ba a ce da shi ado ba, kayan aiki ne. Wannan na cikin dalilan da su ka sa Jeniba ta yi suna da agogo har wa yau. Amma kuma a zamaninsa ne, a 1553, aka ƙone wani likita mai suna Sabetus da ransa saboda saɓanin fahimtar addini. Abin da ya burge ni, a 1903 mabiyan Kalbin da kansu suka kafa dutse kusa da wurin, suka rubuta a kai cewa abin da aka yi kuskure ne. Ba kowace al'umma ke iya wannan ba.

Da garin yana da ganuwa. A daren 11 ga Disamba 1602 mayaƙan Sarkin Saboyi suka lallaɓo da tsanuka da aka shafa wa baƙi, suka fara haurawa mutane na barci. Aka farga, aka yi ta gwabzawa cikin duhu har aka kore su, mutanen gari 18 suka mutu. An ce wata uwar gida da ke dafa miya ta ɗauki tukunyar da zafinta ta kifa wa wani soja a kā daga taga. Har yanzu kowace Disamba su kan yi tukunya ta cakulan, babban gida da autan gida su haɗa hannu su fasa ta.

Amma ba don agogo ko tukunya na yi marmarin zuwa ba. Akwai gidaje biyu a arewacin garin, suna duban juna, su ne suka kai ni.

Na farko na ƙungiyar Red Cross ne. Wani ɗan kasuwar Jeniba, Hanri Dunan, ya tafi Italiya a 1859 neman Sarkin Faransa kan maganar wata gona tasa a Aljeriya, sai ya tarad da an gama yaƙi a wani wuri wai shi Solferino. Mutum wajen 40,000 na kwance, matattu da masu rauni, ba mai ba su ko ruwa. Ya tara matan ƙauye suka yi ta jiyya, ba su tambayi kowa ko na wane sarki ne ba. Da ya komo gida ya rubuta abin da ya gani, a 1863 shi da mutum huɗu suka kafa ƙungiya, a 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a wani ɗaki na majalisar garin, cewa mai rauni da mai jiyyarsa ba abokan gāba ba ne. Na shiga farfajiyar gidan, ƙarami ne, bai fi zauren wani hakimi ba. Tutarsu ita ce ta Suwizalan aka juya launinta. Turkawa suka ce su jinjirin wata za su sa, aka kuma amince da shi a 1929. Shi kuwa Dunan, ciniki ya karye masa a 1867, ya bar garin da bashi a kansa, bai sāke komowa ba. Yana tsoho a wani gidan jiyya aka tuna da shi, aka ba shi kyautar Nobel ta farko ta zaman lafiya a 1901.

A gidan tarihinsu akwai akwatuna jere har rufi, cike da miliyoyin 'yan katuna na fursunonin yaƙin 1914 zuwa 1918. Kowane kati sunan mutum ne da inda a ke tsare da shi, domin in uwa ta rubuto tana cigiyar ɗanta a sami abin gaya mata. Ni da na ke kiran rajista kowace safiya, na daɗe tsaye gaban akwatunan nan.

Gida na biyu shi ne fādar da aka gina wa Ƙungiyar Al'ummai tsakanin 1929 da 1938, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki a ciki yanzu. Ɗawisu na yawo a lambunta. A ƙofarta an kafa wata kujerar katako mai tsawon kusan ƙafa 40, ƙafarta ɗaya a karye, tun 1997, don tunawa da waɗanda nakiyoyin da a ke binnewa a ƙasa suka raba da ƙafafunsu. Mu ma muna da alaƙa da ƙungiyar nan fiye da yadda yara su ka sani. Bayan yaƙin 1914 aka karɓe Kamaru daga Jamus, Dikwa da wani yanki na Adamawa suka zama amana a hannun Ingila, kowace shekara kuwa sai an aiko da rahotonsu Jeniba. Cikin masu duba rahotannin har da Lugga, wanda ya ci ƙasar Hausa da yaƙi a 1903, ya zauna a kwamitin nan sama da shekara goma, har 1936. Wanda ya ci wasu da yaƙi shi aka sa ya duba yadda a ke riƙon waɗanda aka ci. Ku auna wannan da kanku.

A shekarar nan ta 1936 kuwa aka yi abin da ya kashe ƙungiyar tun ba a binne ta ba. Italiya ta auka wa Habasha a watan Oktoba 1935, alhali dukansu biyu 'yan ƙungiya ne, an kuma yi alkawari duk wanda aka taɓa sauran za su tsaya masa. Jiragen Italiya suka zuba wa mutane iskar guba, har asibitocin da ke ɗauke da tutar Red Cross ba su tsira ba. Ƙungiya ta hana sayar wa Italiya waɗansu kaya, amma ta bar man fetur, wanda shi ne abincin jiragen. Sarki Haile Selasi ya zo garin nan da kansa, ran 30 ga Yuni ya tsaya gaban wakilan ƙasashe. Kafin ya buɗe baki 'yan jaridar Italiya suka dinga busa usur har aka fitar da su. Ya yi magana da harshensa na Amhara, ya faɗi abin da aka yi wa mutanensa, ya gargaɗe su cewa abin ba zai tsaya a kansa ba. Aka saurare shi, bayan mako biyu aka janye ɗan hanin da aka yi wa Italiya. Shekara uku tsakani Turai duk ta kama da wuta. Ba takarda ce ta mai da shi gadon sarautarsa a 1941 ba, sojoji ne, cikinsu har da na Nijeriya da suka bi ta Somaliya suka kai Harar.

Ina tafe a dogayen barandun fādar ina ta jayayya da zuciyata. Wata zuciyar ta ce gidan surutu ne kawai, mai ƙarfi ya yi abin da ya ga dama, raunana su zo nan su yi kuka. Wata ta ce ai katunan can na ƙetaren titi su ma daga surutu su ka fito, dokokin yaƙi huɗu da aka sāke tsarawa a garin nan a 1949 kuwa babu ƙasar da ba ta sa musu hannu ba. Ana karya su, gaskiya ne, amma mai karyawa ya kan ɓoye ko ya yi musu, da kuwa alfahari a ke yi da irin wannan aiki. Ni dai na fi karkata ga ta biyun, ko da ya ke da Bahabashe ne ni a 1936 da ban karkata ba.

Ran Jumma'a na tafi masallacin garin, wanda aka buɗe a 1978. Sahu ɗaya ya haɗa Larabawa da Turkawa da mutanen Bosniya da Sanagal. Hasumiyarsa ɗaya ce daga huɗu kacal da ke ƙasar duka, gama a 2009 mutanen Suwizalan suka jefa ƙuri'a suka hana gina sababbi. Mutanen Jeniba kam mafi yawansu ba su goyi bayan hanin ba, amma sauran ƙasa suka rinjaye su. Magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe tara. Wajen abinci, sun yi ta yaba mini wani narkakken cuku da a ke tsoma burodi a ciki, da na tambaya aka ce da giya a ke dama shi, sai na tsaya ga soyayyen kifin tafki.

A bayan majalisar garin akwai wani benci na katako mai tsawon kusan ƙafa 400, da itatuwa jere a gefensa. Ɗaya daga cikin itatuwan nan na hukuma ne. Tun 1818 akwai ma'aikacin majalisa da aka ɗora wa duba shi, ran da ya ga ganyen farko ya tsiro sai ya rubuta kwanan watan a wata takarda, a yi shela cewa hunturu ya wuce. Itacen ya kan tsufa a sāke wani, ma'aikaci ya mutu a naɗa wani, rubutun bai yanke ba. Da masana suka bi lissafin sai suka ga a da ganyen ya kan fito a Maris ko Afrilu, amma daga baya ya riƙa fitowa da wuri, wani lokaci tun a Fabrairu, suka kafa hujja da shi cewa garin yana daɗa ɗumi. Na sayi wani littafin rubutu mai bango mai kauri a wani kanti kusa da wurin. Na ba shugaban ajina, na ce ya rubuta ranar da ruwan farko ya sauka bana, da ranar da gawon bakin filin wasa ya zubar da ganye, in ya fita ya miƙa wa na bayansa.