Bege Cikin Hunturu

A shekarar 1951 watan Gani ya faɗo cikin Disamba, tsakiyar hunturu. Ni kuwa ina cikin masu amshin Ishiriniya a unguwarmu, a birnin Daura. Da rana ina ofishin En'e, bayan lisha ina zauren malaminmu, sai dare ya raba in komo gida.

Ran nan na komo na tarar autanmu yana ta tari, ƙafafun yayyensa duk faso, uwarsu kuwa ko runtsawa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, lada naka, sanyi namu?" Na rasa ta cewa. Ashe taura biyu ba ta taunuwa.

Da gari ya waye na kai yaron ɗakin magani, na sayo itace da bargo da man kaɗanya. Sa'an nan na roƙi malam a mai da begen zaurena, ya yarda. Muka riƙa hura wuta, yara suna kwance kusa da ni, suna saurare har barci ya kwashe su.

Kafin Sallar Gani auta ya warke, babbansu kuma ya iya amshi. Alhamdu lillahi.