Ba girman kai ba ne, gajiya ce

Yau wata 7 ke nan da likitoci a Yamai suka huda mini ƙoƙon kai, suka zuƙe jinin da ya taru a kan ƙwaƙwalwata sannu a hankali bayan na faɗi da moto a hanyar Tasawa. Rauni ya warke, gashi ya rufe tabo, kowa yana cewa na samu lafiya. Amma akwai saura, wanda ido ba ya gani.

Na gane haka ranar sunan ɗan ƙanena a Maraɗi. Maroƙa na kirari, yara na guje-guje, mutum 3 na gaishe ni lokaci guda. Kafin minti 30 maganganu suka cakuɗe mini, har sunan wani abokin cinikina na shekara da shekaru ya ɓace mini yana tsaye gabana. Na sulale ban yi sallama ba, na kwana 2 a kwance. Daga baya na ji an ce tun da na dawo daga Yamai na daina kula mutane. Wallahi wannan magana ta fi aikin da aka yi mini zafi, domin ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya wuce jama'a.

Lokotoro ya fahimtar da ni. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Ita ke tace hayaniya kamar rariya, ta ware muryar da kake saurare. Bayan tiyata wannan tacewa na yi mata nauyi, kuma gajiyar kan ɗauki watanni.

Sai na canza tsari. Ina zuwa biki da sassafe bayan na yi barci isasshe, in zauna gefe nesa da lasifika, in gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Da na ji kalmomi sun fara kuɓuce mini, sai in tashi. Gaisuwar mutuwa kuwa ina barin ta sai taro ya ragu. Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki in ce: "Yaya, ku gafarce ni, kaina bai gama warkewa ba." Da na faɗa, ban ga wanda ya yi fushi ba.

In kuna da irina a gida ko a biro, kada ku auna zumuncinsa da daɗewar zamansa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.