Dillali Da Ƙofar Da Ba A Gayyace Shi Ba

Ni mutumin Yola ne, amma ba Yolar Adamawa ba, tamu ta ƙasar Karaye, a yammacin Jihar Kano, maƙwabtan Rogo. A wajenmu gona kamar mutuncin gida ce, ba a sayar da ita sai wuya ta kai wuya: bashi, jinya, auren 'ya'ya ko rabon gado. Shi ya sa aikin da ya fi kowanne wuya a dillancin ƙasa shi ne ka tunkari mutumin da bai kira ka ba, bai san ka ba, ka sa ya damƙa maka gonarsa ko kangonsa ka nemo masa mai saye. Masu saye ba su ƙarewa. Mai sayarwa shi ne abin farauta.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara fiye da talatin yana wannan sana'a tsakanin Karaye da Rogo, ni ne kuma ɗan rakiyarsa lokacin ina makarantar sakandare. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, gonakin da ke kusa da ruwa suka yi daraja saboda noman rani, 'yan birni suka fara zuwa neman ƙasa. Kawu ba ya da ofis, ba ya da waya, sai keke da goro a aljihu, amma da wuya a yi ciniki a yankinmu ba da saninsa ba.

Abin da ya tayar mini da wannan zance shi ne wani ɗan yayata da ya gama karatu bai sami aiki ba, ya ce zai shiga dillanci. Ya kawo mini wasu darussa da ya kalla a YouTube, na masu horar da dillalan gidaje a Amurka, wai in taya shi mayar da su Hausa. Na zauna na saurara. Tsarinsu shi ne ka tara lambobin waya, ka ware sa'o'i kullum kana bugawa, ka haddace abin da za ka faɗa tun daga gaisuwa, kowace amsa mai gida ya ba ka kana da tata a rubuce. Suna cewa kada “a'a” ta karya maka gwiwa, domin cikin kira ɗari wani zai amsa. Yaron nan ya gwada a kan wani dattijo na wajen Rogo, wanda ya samo lambarsa a hannun mai cajin waya. Ko gama gaisawa ba su yi ba ya ce, “Baba, ko kana da niyyar sayar da gonarka ta bakin hanya?” Dattijon ya yi shiru, can ya ce, “Yaro, wa ya gaya maka na talauce?” Ya kashe waya. Kafin la'asar ya aiko gidanmu a tambayo wanda ke yaɗa cewa ana bin sa bashi.

Mai karatu, ka ga inda gizo ke saƙa. Ba'amurke yana iya sayar da gida don ya sami aiki a wani gari, babu wanda zai yi da shi. Duk da haka su ma kiran ya ishe su, har a 2003 gwamnatinsu ta buɗe rajistar da mutum zai sa lambarsa don a hana 'yan talla damun sa. To ina ga Bakano na ƙauye, wanda tambayar kanta zagi ce a kunnensa?

Kawu bai taɓa furta kalmar sayarwa a zuwan farko ba. Kafin ma ya taka ƙofar mutum sai ya san tarihin ƙasar: saye aka yi ko gado, an raba ko gandu ce, akwai marayu a ciki, tana hannun jingina ko aro, wa ke iyaka da ita gabas da yamma. Waɗannan labarai a majalisar mai shayi yake samun su, da wajen suna, da zaman makoki, da bakin mai unguwa. Sannan ba ya zuwa shi kaɗai, sai da wanda mai gidan ke jin nauyinsa. A yi sallama, a shimfiɗa tabarma, a yi zancen damina da tsadar taki, a tashi. Da na gaji na ce, “Kawu, mun ɓata yini ba mu ce komai ba,” sai ya ce, “Ɗan nan, ai ya san sana'ata. Zuwana shi ne maganar. Ranar da ta kama shi, sunana zai fara tunawa.”

Wata shekara wani magidanci ya zo da kansa da daddare, ya ce a nemo masa mai sayen gonarsu, matarsa na asibiti a Kano. La'ada ce ta kawo kanta har gida. Kawu ya tambaye shi ko an raba gadon. Ya ce ba a raba ba, amma shi ne babba, ƙannensa mata ne, ba za su ce komai ba. Kawu ya ce, “Malam, yau ba za su ce ba. Mazajensu da 'ya'yansu za su ce, a gaban alƙali.” Ya tuna masa cewa ko kasonsa kaɗai ya sayar, a fiƙihun Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya kuɗin su karɓe daga hannun baƙo. Maimakon sayarwa, ya sa aka tara 'yan uwan, suka yarda aka ba da wani yanki jingina, aka sami kuɗin magani. Kawu bai ci ko kwabo ba a ranar. Bayan 'yan shekaru da aka raba gadon a kotu, biyu daga cikin matan da ke aure a birni suka so sayar da nasu, kuma ba su nemi kowa ba sai shi.

Akwai abin da ya kamata sabon dillali ya sani wanda babu shi a darussan waje. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Amma a aikace, a ƙauye, ciniki ba ya zama sai maƙwabtan iyaka sun tsaya, shaidu sun sa hannu, mai unguwa da dagaci sun sani. Dillalin da ya karɓi kafin alƙalami ta waya, bai taka gonar ya ga iyaka da idonsa ba, rigima ya saya.

Ba cewa nake waya ba ta da amfani ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 sana'ar ta sauya. Yanzu da yawa daga masu gonakin Yola suna Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, sun gaji ƙasa ba sa noma ta, kuma ba ka isa gare su sai ta waya. Lokacin da aka ɗaga Karaye ta zama masarauta a 2019, na ga yadda neman fuloti ya ƙaru a garin, ciniki da yawa kuma ta waya aka ƙulla shi. Turawan nan ma suna da gaskiya a wasu wurare: ka riƙe littafi, ka rubuta wanda ka yi magana da shi da ranar, ka cika alkawarin sake kira, ka fi sauraro a kan surutu. Kawu a ka yake riƙe nasa littafin, bambancin ke nan.

Abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne, kada ya buga lambar da ba zai iya faɗin wanda ya ba shi ita ba. Ya fara da cewa, “Ranka ya daɗe, ni jikan wane ne na Yola, wane ne ya ce in gaishe ka.” Ya faɗi sana'arsa ƙarara, ya ce in wata rana an buƙaci sanin farashin ƙasa a yankin yana nan, ya yi sallama. In an ce albarka, ya yi godiya. In an ba shi, ya faɗi ainihin abin da aka taya, ya tsaya a kan la'adar da aka yi alkawari, kada ya ɗora nasa a ɓoye, kada kuma ya shiga cinikin da wani ya riga ya fara. Wannan ɗorin na ɓoye shi ne ya ɓata sunan dillalai har ake kallon su a matsayin maƙaryata.

Mutumin da ke sayar da gonar ubansa yana cikin rana mafi nauyi a rayuwarsa, kuma a ƙauye za ku ci gaba da haɗuwa a masallaci ɗaya, da kasuwa ɗaya, har ƙarshen rai. Allah ya ba mu abin da za mu riƙe na iyayenmu, in kuma ta kama a sayar, ya haɗa mu da dillali mai tsoron Allah.