Hutun Da Ya Kwantar Da Dattijo

A Garu, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Dutse take, akwai wani dattijo da ya ba saba'in baya, wanda tun kafin a mai da Dutse babban birnin Jihar Jigawa a 1991 yake kula da 'yan itatuwan dabinonsa a gindin duwatsu. Da asuba yakan taka zuwa masallaci, da hantsi ya nufi gona, bayan la'asar kuma ya shimfiɗa buzu a ƙofar zaure inda tsararrakinsa ke haɗuwa. Abincinsa tuwon dawa da miyar kuka, sai fura in rana ta take.

Da babban ɗansa ya sami ɗaukaka a aikin gwamnati, sai ya ga bai kamata mahaifinsa ya ci gaba da wahala ba. Ya ɗauke shi zuwa gidansa a Takur, ya ware masa ɗaki mai fanka da talabijin, ya hana shi gona, masallaci ma sai a mota. Ko shakka babu niyyar alheri ce, kuma duk wanda ya ji sai ya sa wa ɗan albarka. Amma fa shekara ba ta zagayo ba sai dattijo ya fara kukan ciwon kai, barci ya ƙaurace masa, magana ta koma "i" da "a'a".

A asibiti aka ce hawan jini ne. Ma'aikaciyar jinya ta bayyana musu cewa gishiri kan riƙe ruwa a jiki, jini ya matsa wa jijiyoyi, zuciya ta wahala. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye cikin ɗunkulen magi. Sa'an nan a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Dattijo ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ai zuwa gonata na kwana biyu ya fi haka."

Sai ta yi wata tambaya wadda ba ta cikin katin asibiti. Ta ce, "Baba, da wa kuke hira?" Dattijo ya yi shiru, ɗan kuma ya sunkuyar da kai.

Bayan Sallah aka mai da shi Garu, bisa sharaɗin shan ƙwayarsa kullum da zuwa awon jini, miya kuma a koma wa daddawa. Ya tarar biyu daga cikin abokan zaurensa sun riga mu gidan gaskiya, bai ko sami halartar jana'izarsu ba. Hawan dabino kam ya fi ƙarfinsa yanzu. Jikansa ke hawa, shi yana ƙasa dogare da sanda, yana ta faɗa wai yaron bai iya ɗaure nono ba.