Takwara a Bakin Kwara

Da yamma nakan zauna kusa da gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, ina kallon jiragen kwale-kwale. Ta wannan ruwa ne Mungo Park, likita ɗan Sikotland, ya gangara a tafiyarsa ta biyu. An haife shi a 1771, ya fara ganin kogin Kwara a Segu a 1796, ajali kuma ya same shi a Busa a 1806. Yau tsohon garin Busa ma yana ƙarƙashin ruwan Kainji.

Daga baya na san cewa yana da takwara a ƙasarsu. Wannan Mungo Park ɗin mutumin Musselburgh ne, ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa, ya dawo gida lafiya, ya lashe babbar gasar wasan golf ta Birtaniya a 1874. Su biyun duk sun sha tafiyar ruwa, ɗaya ya tsufa a ƙasarsu, ɗaya ko kabarinsa ba a sani ba.

Mukan ce suna linzami ne. To, amma a unguwarmu Usmanu nawa aka raɗa wa sunan Shehu? Kowanne da inda rabonsa ya kai shi. Garin Malanville kansa sunan wani gwamna Bafaranshe, Henri Malan, ya ci, ga shi kuwa ba mai tuna shi a kasuwar albasa.

Ranar suna iyaye fata suke yi. Abin da za a tuna, mai sunan ne zai aikata shi.